JIRGI, TANKA DA GAMMO: ABIN DA SUNAN BARIKIN CHINDIT YAKE FAƊA MANA



Duk wanda ya zauna Zariya, ko da na zango ɗaya ne, ya san Dafo, inda ake horar da kuratan soja tun daga shekarar 1924. Mu da muke kai da kawo tsakanin Samaru da Sabon Gari ta Hanwa da Kwangila mun saba da ganin kuratan, mun kuma saba da jin sunan barikinsu, watau Barikin Chindit. Amma kalmar nan ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba ce, kuma in an bi asalinta ba Turanci ba ce. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. A Kaduna akwai Barikin Dalet, a Ibadan akwai Letmauk, a Ikko akwai Marda da Arakan da Myohaung da An da Tamandu, a Abuja kuma akwai Mogadishu. Waɗannan sunaye duka daga Yaƙin Duniya na Biyu suka fito, wanda tsofaffinmu suke kira Yaƙin Hitila, kuma galibinsu sunayen wurare ne a Gabashin Afirka da ƙasar Boma inda sojan Nijeriya suka zub da jini.

Idan ana labarin yaƙin nan a littattafai da majigi, abu biyu ne suke cin kasuwa: sojan da ake saukewa daga sama, da tankoki masu sulke. Su ake nunawa suna ƙwato Faransa da Beljiyam da Holan daga hannun Jamus a 1944. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda makaman nan biyu suka yi aiki a fagagen da kakanninmu suka yi yaƙi, da kuma wanda nauyin ya faɗa wa a inda injin ya kasa.

Mu fara da Habasha. A 1935 Musolini na Italiya ya auka wa ƙasar da jiragen sama da tankoki da iska mai guba, ya shiga Adis Ababa ran 5 ga Mayu, 1936, Sarki Haile Selassie kuwa ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Ingila ba ta ɗaga masa ko tsinke ba a lokacin. Sai da Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus a watan Yuni na 1940, sa'an nan aka tuna cewa Habasha ƙasa ce da aka zalunta. Aka kwashi sojan Nijeriya ta teku aka zagaya da su zuwa Kenya, aka sa musu suna Birged ta 23, a ƙarƙashin rundunar Janar Alan Cunningham.

A watan Fabrairu na 1941 rundunar ta ƙetare Kogin Juba a ƙasar Somaliya, kuma ran 25 ga watan sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu. A can suka tarar da man fetur mai ɗimbin yawa wanda Italiyawa suka gudu suka bari, kuma man nan shi ya ba da damar abin da ya biyo baya. Ran 1 ga Maris suka kama hanyar arewa, wadda Italiyawan da kansu suka gina, motoci masu sulke na gaba, lori-lori cike da sojanmu na biye, suka ratsa hamadar Ogaden suka isa Jijiga ran 17 ga watan, tafiyar fiye da kilomita 1,000. A tarihin yaƙin nan kaf, ba kasafai aka yi sauri irin wannan ba. Dalilinsa a fili yake: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, hanya a buɗe, mai a wadace, sa'an nan abokin gaba ya karaya, don yawancin sojan Italiya a yankin 'yan ƙasa ne da aka ɗauka, kuma ba su ga dalilin mutuwa saboda Musolini ba.

To, amma bayan Jijiga sai duwatsu suka tsaya. Hanyar Harar tana bi ta wata ƙuntatacciyar mashiga da ake kira Marda, Italiyawa kuwa sun kafa igogi da mashinga a kan tuddan da ke kallonta. Mota mai sulke ba ta hawan dutse. Ran 21 ga Maris sojan Nijeriya suka sauko daga lori suka hau da ƙafa, ana ta yi musu ruwan wuta, har cikin dare abokan gaba suka janye. Kafin watan ya ƙare Harar ta faɗi. Ran 6 ga Afrilu rundunar Cunningham ta shiga Adis Ababa, ran 5 ga Mayu kuma, shekara biyar cif da shigar Italiyawa, Haile Selassie ya komo birninsa tare da 'yan kishin ƙasar Habasha waɗanda ba su taɓa ajiye makami ba tun 1936. Cikin masu rakiyarsa akwai wani hafsan Ingila mai baƙar zuciya da taurin kai, sunansa Orde Wingate. Mu riƙe sunan nan, don shi ne mahaɗin labarin Habasha da sunan barikin garinmu.

A 1942 Jafan ta kori Ingilishi daga Boma, ta koro su har kan iyakar Indiya. Boma kuwa ba Ogaden ba ce. Ƙasa ce ta kurmi da tsaunuka da manyan koguna, ga damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya daga Mayu zuwa Oktoba, ga zazzaɓin cizon sauro da atini. Dabarar Jafanawa ita ce su ratsa daji su zagaya bayan rundunar Ingila su datse hanyar mota, rundunar da ta dogara ga mota kuwa da zarar an datse mata hanya sai ta rasa abinci da harsashi, ta ja da baya. Wingate ya ce maganin abin shi ne a rabu da hanya ɗungum. A tura soja can ƙuryar bayan abokin gaba, su yi tafiya da ƙafa da alfadarai, su riƙa kiran jirgi da wayar iska yana jefo musu guzuri da laima. Rundunar da ya kafa ta ɗauki sunanta daga wata dabba mai siffar zaki wadda mutanen Boma suke sassaƙawa a ƙofar ɗakunan ibadarsu, suna kiranta cinte. Bakin Turawa ne ya mai da kalmar Chindit. A gwajin farko, a 1943, mutum wajen 3,000 suka shiga, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su komo ba, da yawa daga waɗanda suka komo kuma ba su sake moruwa ba. Duk da haka Churchill ya yi na'am da Wingate, Amurka kuma ta ba shi rundunar jiragen sama ta kansa a ƙarƙashin Kanar Philip Cochran.

Karo na biyu ya soma da daren 5 ga Maris, 1944, daga filin jirgi na Lalaghat a Indiya. Ya kamata mu tsaya mu ga yadda aka yi, don ba sauka da laima aka yi ba kamar yadda wasu suke zato. An yi amfani da wasu jirage marasa inji, na katako da ƙarfe da tamfol, waɗanda jirgi mai inji yake ja da igiya, in an iso sai a saki igiyar su sulalo ƙasa. Jirgi irin wannan sau ɗaya yake gwada sauka, ba shi da ikon sake tashi ya zagayo. An zaɓi wasu sarari a tsakiyar kurmi, aka laƙaba musu sunayen titunan manyan birane. Ana gab da tashi sai hoton da aka ɗauko daga sama ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, Piccadilly, an shimfiɗe shi da gungumen itace. Manyan hafsoshi suka yi shawara a tsaye a bakin filin, aka yanke a tura kowa zuwa ɗayan, Broadway. Wasu igiyoyi suka tsinke a kan tsaunuka, wasu jiragen suka faɗa ramukan da ciyawa ta rufe, na baya suka yi karo da na gaba cikin duhu, mutane suka mutu. Amma wata 'yar katafila ta tsira, kuma da ita da hannun mutane aka share fili, washegari da dare manyan jiragen Dakota suka fara sauka. Cikin mako guda an sauke mutum kimanin 9,000 da alfadarai fiye da 1,000 a bayan Jafanawa. Alfadaran nan, don kada kukansu ya tona asiri, sai da likitocin dabbobi suka yanke musu jijiyar murya.

Cikin birged shida na rundunar, ɗaya tamu ce: Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya. Ba su cikin jiragen daren farko. An kai su daga baya da Dakota, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, zuwa wani sansani da ake kira Aberdeen, wanda filinsa gajere ne kuma tsauni ya tokare shi. Mu yi tunanin saurayin da ya taso daga ƙauyen Giwa ko Kaura Namoda ko Kafancan, wanda shekara biyu da suka wuce abin hawan da ya sani bai wuce jaki da jirgin ƙasa ba, ga shi an ƙetara da shi teku, an cusa shi cikin jirgin sama da dare tare da alfadari, an sauke shi inda babu hanyar komowa sai wadda ya zo ta cikinta. Wingate kansa bai ga ƙarshen abin da ya ƙulla ba, don ran 24 ga Maris jirginsa ya faɗi a tsaunukan kan iyakar Indiya, ya mutu.

Aikin da aka ba sojan Nijeriya shi ne tsaron sansanoni, kuma mafi tsananinsu shi ne wanda Birgediya Michael Calvert ya kafa kusa da Mawlu, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Mandalay zuwa Myitkyina. Hanyar nan ita ce jijiyar sojan Jafan da ke yaƙi a arewacin ƙasar. Sansanin ya sami sunan White City, watau Farin Birni, saboda laimomin guzuri da suka maƙale a itatuwa har dajin ya yi fari fat. Kome ta sama ya zo: wayar ƙaya, nakiyoyi, igogi, bindigogin harbo jirgi da na fasa tanka. A watan Afrilu Jafanawa suka kawo birged guda suka yi ta kai hari dare bayan dare kusan mako biyu, suna mutuwa a kan waya, ba su karya sansanin ba. Sojan Nijeriya suna cikin ramukan nan, wasunsu kuma suna waje tare da Calvert suna dukan masu harin ta baya. A watan Mayu aka ba da umarnin barin wurin a nufi arewa, damina ta sauka, gajimare ya rufe sama, jirgi ya kasa zuwa a kan kari. Daga nan yunwa da zazzaɓi da ruɓewar ƙafa suka fi harsashi ɓarna, har aka riƙa kwashe marasa lafiya da jirgi mai sauka a kan ruwa daga Tafkin Indawgyi. Sai cikin Agusta aka fito da sauran.

Wannan shi ne Chindit. Amma yawancin sojanmu na Boma ba a nan suka yi yaƙi ba. Suna can yamma, a lardin Arakan, cikin manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tare da 'yan Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Runduna ta 81, a ƙarƙashin Janar Woolner, ta shiga kwarin Kogin Kaladan a farkon 1944, kuma ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar ta sama ɗungum har tsawon watanni. A nan ne muke so a lura da kyau. Jirgi yana jefo buhun shinkafa da akwatin harsashi a wuri ɗaya, amma fagen fama yana iya zama tafiyar yini biyu daga wurin, a bayan tsauni. Rundunonin Indiya alfadarai suke ɗora wa. Rundunonin Afirka ta Yamma kuwa mutane aka tanadar musu, dubban 'yan dako masu kakin soja, mafi yawansu ba bindiga sai adda, suna ɗauke da turmin igwa da wayar iska da masu rauni a ka. Hafsoshin Ingila sun yaba da tsarin ƙwarai, suka ce mutum yana bin inda alfadari ba ya bi. Ba su ɓoye abin ba ma: alamar Runduna ta 81 gizo-gizo ce, alamar ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo. Ba mu san wata rundunar duniya da ta ɗinka gammo a kafaɗar rigarta ba.

Kada wani ya ɗauka wahalar nan ba ta da nasaba da yaƙin tankoki. A ƙarshen Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Matsin da suka yi daga kwarin Kaladan yana cikin abin da ya sa Jafanawa suka bar tsibirin Akyab, daga baya kuma aka ci tsibirin Ramree. Abin da Janar William Slim yake nema a tsibiran nan shi ne filayen jirgi, don rundunarsa ta 14 ta yi nisa da Indiya ƙwarai, jirgi ba zai iya kai mata mai ya komo ba. Slim ya riga ya fito daga kurmi zuwa busasshen filin tsakiyar Boma, inda tanka take da ranarta. Ya yaudari Jafanawa suka zaci Mandalay kaɗai ya nufa, alhali ya ƙetarar da Runduna ta 17 ta Indiya da birged ɗin tankokin Sherman ta Kogin Irawadi can kudu. Suka kutsa, suka kama wani filin jirgi a hanya, aka sauke musu ƙarin birged ta sama, suka ci Meiktila a farkon Maris, suka datse bayan sojan Jafan duka. Daga nan tankoki suka yi tseren kudu da damina, man da suke sha kuwa ta sama yake zuwa, wani daga filayen Arakan. Ran 1 ga Mayu aka sauke bataliyar Gurka da laima a bakin Kogin Rangun don su share igogin da ke tsare mashigar, ran 3 ga watan aka shiga birnin, aka tarar Jafanawa sun fice. A duk wannan lokaci Runduna ta 82 tana can tana fama a Dalet da Tamandu da hanyar An, tana riƙe da sojan Jafan waɗanda da an sake su da sun je sun tare wa Slim hanya. Hoton tanka a titin Rangun ya zagaya duniya, mai gammon da ke Arakan kuwa da wuya a same shi a littafin makaranta.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi. Turawa sun kira yaƙin Habasha da na Boma yaƙin 'yantarwa. A Habasha maganar tana da ƙamshin gaskiya, don sarkin ƙasar ya koma gadonsa, ko da yake sai da ya yi ta ja-in-ja da Ingilishi kafin su sakar masa ragama. A Boma kuwa an kori mai mulkin mallaka ɗaya ne don a mai da na da. Mutanen ƙasar sun gane haka. Aung San, wanda da fari ya bi Jafanawa, ya juya musu baya da sojansa ran 27 ga Maris, 1945, sa'an nan ya juyo kan Ingila, Boma ta sami mulkin kai ran 4 ga Janairu, 1948. Waɗanda suka ɗauko mata kaya a ka sai da ƙasarsu ta ƙara shekara goma sha biyu da wani abu. A watan Agusta na 1941 Churchill da Roosevelt sun yi shelar cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen gwamnatinta, wata ɗaya bayan haka Churchill ya gaya wa majalisar Ingila cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi. A 1943, shekarar da ake lodin sojanmu a jiragen ruwa zuwa Indiya, editocin jaridun Afirka ta Yamma suka je London, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe da Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ta nan Zariya, Azikiwe ya miƙa takardar neman mulkin kai bisa hujjar shelar nan. Ba a biya masa bukata ba.

Ko cikin rundunar ma haka abin yake. Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, da ita ake ba da umarni, amma mai jin ta tun daga nono iyakarsa samanja. Ba ɗan Nijeriya ko ɗaya da ya riƙe muƙamin hafsa a duk tsawon yaƙin, sai a 1948 aka naɗa na farko, 'yan Arewa irin su Zakariya Maimalari kuwa sai a shekarun 1950. A Ankara, ran 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin soja suka yi jerin gwano don neman hakkinsu, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta 'yancin Gana. Namu na Arewa mafi yawansu shiru suka yi, suka koma gona, wasu suka zama 'yan doka ko masinjoji ko masu gadi ko direbobi, ana kiransu 'yan Boma, yara na tsoronsu.

An ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je fagen Indiya da Boma, fiye da rabinsu daga Nijeriya. Abin da aka rubuta game da su kaɗan ne, kuma yawanci hafsoshinsu Turawa ne suka rubuta, kamar Charles Carfrae wanda ya jagoranci wani sashe na Bataliya ta 7, da John Hamilton wanda ya rubuta tarihin Runduna ta 81. Daga gida akwai Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ɗan tsohon sojan Boma, wanda ya fitar da ƙagaggen labari a kan sojan Nijeriya na Chindit a 2007. Su mutanen kansu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka mutu a can ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka zana a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, an rubuta su yadda kunnen magatakarda Bature ya ji, sau da yawa sunan mutum haɗe da sunan garinsu.

Abin da ya rage yana hannun iyali. A gidaje da dama a Sabon Gari da Tudun Wada da Hanwa da ƙauyukan kewaye akwai tsohuwar akwatin ƙarfe, cikinta da lambar tagulla mai siffar tauraro da littafin sallama daga soja, wanda yake ɗauke da lambar mutum da bataliyarsa da ranar da aka ɗauke shi. Da lambar nan da sunan bataliya ana iya gane ko mutum Marda ya hau, ko Kaladan ya bi, ko a Farin Birni ya kwana cikin rami. Shawararmu ga Ƙungiyar Ɗalibai ita ce ta haɗa kai da Sashen Tarihi, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi mai irin wannan akwati a gidansu ko a unguwarsu ya nemi izinin manya ya ɗauki hoton takardun, ya zauna da 'ya'yan mamacin ya rubuta abin da suka ji daga bakinsa, da Hausa, yadda suka faɗa. A ajiye kwafi ɗaya a Laburaren Kashim Ibrahim, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna, takardun asali kuwa a bar wa masu su.